Kwanan da Ya Rasa Ɗaki

Yabo da godiya su tabbata ga Allah, Mai juya dare da yini, wanda ya ba kowane lokaci na shekara alamarsa, ya kuma riƙe ruwan sama a hannunsa shi kaɗai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, a cikin abin da malamina ya bar mini, Allah ya jiƙansa, akwai wata takarda guda wadda faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. A kanta ya zana da'irar taurarin shekara, ɗakuna ashirin da takwas kewaye da cibiya ɗaya, kamar karan jinka idan mutum ya dube shi daga cikin ɗaki. Kowane ɗaki da sunan tauraronsa, bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, kowane bakwai da launin tawadarsu. Da wannan takarda nake amsa wa manoma tun da ya rasu. Mutum zai taso daga Sanyinna ko Jabo ranar kasuwar Tambuwal, ya jingina babur ɗinsa a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, ya yi sallama, mu gaisa, sannan ya ce, "Malam, wane tauraro muka ciki?" Yana son ya san ko akwai sauran lokacin shukar gero, ko ya haƙura ya koma ga wake. Kullum nakan fara da gaya masa cewa tauraro ba ya saukar da ruwa kuma ba ya hana shi, alama ce kawai ta lissafin lokaci, kamar inuwar da muke duba mu san azahar ta yi. Sannan in buɗe takardar in ƙirga masa.

Shekaru suka tura, takardar ta fara rabewa a inda ake ninke ta, na yi ta liƙe ta da ƙaro. Idona shi ma ya fara yana. Wata rana wani mutumin Sanyinna ya yi mini tambayar da aka saba, na fita da takardar cikin hasken rana, na kasa bambance sunan tauraron Nasara da na Ɗarfa. Na ba shi amsa daga abin da ke kaina, ya yi godiya ya tafi, na koma zaure. 'Ya'yana maza biyu ne, ɗaya yana koyarwa a makarantar gwamnati, ɗaya yana kasuwancin hatsi, kuma babu wanda ya ɗauki wannan lissafi a cikinsu. Na ga a fili cewa ranar da idona ya rufe ko takardar ta ƙarasa yagewa, abin da malamina ya damƙa mini zai tsaya a kaina, ba zai wuce ga kowa ba.

Babbar ɗiyata tana aure a Kebbe, tana aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran ta da shi ba, Uwata nake ce mata. Ita ce ke tsara musu fostocin da ake mannawa a asibiti, na rigakafi da na wanke hannu, a kan wata kwamfuta da ba ta rabuwa da ita. Wata Asabar ta zo gaishe mu, ta same ni a zaure.

"Baba, mi as same ka? Tun ɗazu nika kallon ka, kana jujjuya takardag ga kamar mai neman ƙaya a riga."

Na gaya mata abin da ke raina, ban rage kome ba. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta daɗe tana duban ta.

"In ka yarda, sai mu mai da ta babba. Mu buga ta bisa bana, irin ƙyallen roban nan na talla, tsawon mutum, a rataya ta bakin zaure. Kowa ya zo shi karanta da kai nai."

Na ce, "Uwata, wagga ba sanarwar allura ba ta."

Ta yi dariya ta ce, "Ai ko sanarwar allura, Baba, sai an iya ta aka karanta ta."

A nan take ta ɗauki hoton takardar da wayarta, ta tura shi cikin kwamfutar. Na ɗauka an gama, sai dai a kai wa masu bugawa. Sai ta ce in matso in gani. Ta fara faɗaɗa hoton a hankali, ina kallon rubutun malamina yana girma, har ya kai wani matsayi sai ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma, ba ka iya gane harafi ɗaya. Ta ce haka zai fito idan aka buga shi da girma, domin hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, in ka ja shi sai ɗigon ya kumbura. Ta ce akwai wata hanya: a sake zana kome da layuka a cikin wata manhaja wadda ba ta adana kamannin zane, sai lissafinsa. Tana riƙe cewa layi ya taso daga nan, ya lanƙwasa kaza, ya sauka can. Ko a bayan ambulan za a buga shi, ko a bangon masallaci, sai ta sake lissafa shi ya fito da kaifinsa.

Wannan bayani ya shiga raina ƙwarai, domin na san irinsa a karatu. Ɗalibin da ya haddace amsar mas'ala ɗaya, in aka canza masa tambaya sai ya watse. Wanda ya riƙe ƙa'ida kuwa, ko ta ina aka zo masa yana tsaye. Na ce mata mu fara.

Asabar biyar muka yi muna wannan aiki, daga bayan azahar zuwa la'asar, ita a kan tabarma da kwamfutar a kan ɗan teburin karatuna, ni a gefenta da tabarau. Ta shimfiɗa hoton takardar a ƙasa ta dusashe shi, ta ɗora wata shimfiɗa marar launi a kansa, a nan take zane, kamar yadda muke ɗora takarda mai shara-shara a kan zayyana mu bi sawunta. Sunayen taurari su suka fi cin lokaci. Manhajar tana da nata rubutun Larabci, amma irin na Gabas ne, manomanmu kuwa da rubutun allo suka saba. Don haka ta bi hannun malamina harafi bayan harafi. Ta dasa ɗigo a inda alƙalaminsa ya sauka, ta dasa wani a inda ya juya, sannan ta kama wasu 'yan hannuwa da ke fitowa daga ɗigon ta ja su har layin ya kwanta daidai kan nasa. Harafi ɗaya yakan ci mata ɗigo goma sha. Idan ta yi kuskure sai ta danna wani wuri abin ya koma yadda yake, babu wanki, babu kankarewa. Ni da na yi shekaru ina zubar da takarda saboda ɗigon tawada ɗaya, sai na ce mata, "Da malamina ya ga wanga, da ya ce an lalata ku." Ta ce, "Da ya roƙi a ara mai, Baba." A ƙarƙashin kowane suna ta sa shi da boko, saboda waɗanda ba su yi nisa a allo ba.

Ta tambaye ni ko za a sa Bisimilla a sama kamar yadda take a takardar. Na hana. Na sha ganin tsofaffin banoni bayan sun gama aikinsu, an shanya tattasai a kansu ko an rufe babur da su, kaji suna bi ta kai. Abin da ba zan iya tsare shi bayan raina ba, ba zan ɗora masa sunan Allah ba.

A Asabar ta uku muka zo kan da'irar kanta. Ta ja layukan ɗakunan a kan na malamina, sai ta tsaya.

"Baba, duba nan. Ɗakunan duk kusan ɗaya su ke, amma wanga na Jabha ya fi 'yan'uwa nai faɗi. In bi shi yadda shike, ko in daidaita?"

Na kawo fuskata kusa da allon kwamfutar. Gaskiya ne, ɗakin Jabha, tauraro na shida a damina, ya ɗan buɗe fiye da sauran. Shekara arba'in ina ganin sa haka, kuma ina da bayaninsa a raina. Ina nan ranar da aka zana shi. Lokacin ni magidanci ne da 'ya'ya biyu, malamina kuwa ya tsufa, hannunsa yana rawa. Ni na danne masa bakin zare da allura a cibiya, shi yana zagayawa da ɗaya bakin yana sa alama. Da ya zo wannan wuri na ga babban yatsansa ya gusa kaɗan. Na ɗauka tsufa ne, na kau da kaina don kada ya ga na gani. Tun daga ranar nake ɗaukar wannan faɗin a matsayin wani ɗan aibi na malamina da ya wajaba in suturta.

Saboda haka na ce mata, "Hannu nai na ya yi rawa. Daidaita shi. Ba ni son a faɗaɗa kuren malamina har shi kai tsawon mutum, kowa na gani."

Ta ja layi ɗaya, ta ba manhajar umarni, sai ga layuka ashirin da takwas sun zagaye da'irar a cikin ƙiftawar ido, kowane ɗaki daidai da ɗan'uwansa. Abin ya yi kyau har na yi hamdala. Na kwana ina jin na yi wa malamina hidima.

Saura aiki ɗaya, wanda babu shi a takardar asali. Malamina bai sa kwanaki ba, domin suna kansa, ni ma suna kaina. Amma wanda zai karanta bana shi kaɗai yana bukatar su. Muka shirya ta zagaye bakin da'irar da 'yan layuka, kowane ɗaya kwana guda, da sunayen watannin kalandar da kowa ke da ita a waya, ta yadda mutum zai nemi ranar da yake ciki ya bi ta da yatsa zuwa ɗakin tauraronta. Na gaya mata ranar da tauraron farko ke shiga, na ce kowane tauraro kwana goma sha uku yake yi. Ta tafi da aikin Kebbe. Lokacin bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma, mutane suna ta gyaran gona. Mun yi da mijinta cewa ranar Litinin mai zuwa zai shiga Sakkwato ya kai wa masu bugawa, don a rataya kafin ruwan shuka.

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana. Akwai magana. Kwana ɗaya ya rasa ɗaki."

"Kamar ƙaƙa?"

"Na ba kowane tauraro goma sha ukku nai, na zagayo har na dawo inda nif fara, sai ga kwana ɗaya tsaye waje, ba shi da wurin shiga. Sau ukku nika sakewa. Ko in tura shi ƙarshen shekara, ba wanda za ya lura?"

Ni kuwa na san amsar tun ina saurayi. Taurari ashirin da bakwai ne ke yin kwana goma sha uku. Jabha goma sha fuɗu take yi, da ita ake cika shekara. Duk damina ina ƙara mata wannan kwanan a lissafina ba tare da na yi tunani ba, kamar yadda ƙafa ke sanin dokin ƙofar gidanta. Amma ban taɓa haɗa abin da ke kaina da abin da ke kan takardar ba, ko sau ɗaya.

Na ce, "Uwata, hoton takardar na nan ƙarƙashin zanenki?"

"Shina nan."

"Auna mini ɗakin Jabha na malam, ki auna na kusa da shi."

Na riƙe wayar ina jin motsin hannunta. Can ta ce, "Baba, in an raba na kusa da shi kashi goma sha ukku, to na Jabha ya ɗara shi da kashi ɗaya. Kusan cif." Sannan ta ce a hankali, "Ashe ba rawa hannu nai ya yi ba."

Na ajiye wayar na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na roƙa wa malamina gafara, na roƙa wa kaina. Da zare da allura da hannu mai rawa ya ba kwana ɗaya haƙƙinsa, ni kuma na yi shekara arba'in ina tausaya masa a kan abin da ya fi ni sani. Kwana ɗaya ba ya kashe gero, wannan na sani. Amma da an tura shi ƙarshen shekara, duk taurarin da ke bayan Jabha za su riga lokacinsu, kuma akwai tsofaffi a ƙauyukan nan da ke ƙirga nasu da tsakuwa a cikin ƙwarya. Ranar da suka ga bango ya saɓa wa ƙwaryarsu, ba za su ce ni na yi kure ba, za su ce lissafin malam ne ba daidai ba, su juya wa abin baya gaba ɗaya.

Washegari bayan Juma'a na hau mota zuwa Kebbe, abin da na daɗe ban yi ba. Na yi zaton sai an rushe aikin duka. Ta ce a'a, tun da kowane layi da kowane suna abu ne mai zaman kansa, sai dai a matsa su. Ta raba da'irar bisa kwanaki maimakon bisa ɗakuna, ta ba Jabha goma sha fuɗunta, sannan ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya tana juya su su zauna a tsakiyar sababbin ɗakunansu. Da ta gama, ta haska hoton da ke ƙasa, sai ga layukanta sun hau kan na malamina kamar tare aka ja su.

Na ce mata kada mu tsaya nan, ta nuna mini duk wani wuri da muka gyara masa. Muka bi su har la'asar ta Asabar. Wasu lalle tsufa ne, kamar inda tawada ta zarce da inda da'irar ba ta haɗe ba, muka bar gyaranmu. Wani ɗan jan ɗigo da ke gefen tauraron Surayya kuwa, wanda muka share muna cewa ɗigar alƙalami ce, na ce ta mayar da shi. Ban san ma'anarsa ba har yau. Wataƙila ba shi da ita. Amma na daina yanke wa mutumin nan hukunci da zato.

Kafin ta sa aikin a filas, 'yar ma'adanar da za a kai wa masu bugawa, ta mai da rubutun boko shi ma ya koma zane, don kada na'urar masu bugawa ta musanya shi da nata. Ta kuma gargaɗe ni cewa launin da ke haske a kwamfuta yakan dusashe a kan bana, don haka ta sa mijinta ya fara karɓo ɗan ƙarami mu gani. Jan ya fito kamar bulo, ta ƙara masa ƙarfi, sannan aka buga babban.

Ranar da aka rataya shi a bangon zaure ta waje, ƙarƙashin rumfa, taubashina ya zo daga Jabo. Ɗan kawuna ne, manomi mai shanu, kuma yana cikin masu ƙwarya da tsakuwa. Tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Ya tsaya gaban banan da sandarsa a kafaɗa, ya dube shi sama da ƙasa.

"To, malamin birni, yanzu kuma talla kaka yi? Ina hoton naka? Ai na ɗauka takara za ka tsayawa."

Na ce, "Karanta dai, in ka iya, bawana."

"Wa ab bawanka? Kauce in gani."

Ya sa yatsa a bakin da'irar ya fara ƙirga, leɓensa yana motsi. Kai tsaye damina ya nufa. Ya wuce Nasara, ya wuce Ɗarfa, ya shiga Jabha, ina kallon yatsan yana taka layukan ɗaya ɗaya har goma sha fuɗu. Ya sauke hannu.

"Hm. Na zo in kama ka na, wallahi. Wa ya gaya ma injin?"

Na ce, "Injin na ya gaya mini."

Ya ɗauka wasa nake, ni kuma ban ƙara masa bayani ba sai bayan mun ci tuwo.

Damina biyu ke nan banan yana rataye. Masu shigowa zaure su tambaye ni sun ragu, ina jin su daga ciki suna gardama a gabansa, wani yana nuna wa wani. Wani malamin makaranta daga Fakku ya roƙi a buga masa nasa, Uwata ta aika masa ƙarami daidai bangon ajinsa, ya fito da kaifinsa kamar babban. A daminar bana wani magidanci da ban sani ba ya leƙo ya gaishe ni, muka taɓa zancen ruwa, na ce masa ai yau kwana uku da shigar Zira'a. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Allah shi gafarta Malam, fuɗu dai. Yanzu na duba bango." Na ƙirga a raina, sai na ga shi ke da gaskiya. Na sa aka kawo masa fura, na tambaye shi sunan garinsu, ya zauna muka yi hira har aka kira la'asar.

Allah ya jiƙan malamanmu, ya haskaka kaburburansu, ya yafe mana abin da muka jahilta na haƙƙinsu. Kai kuma mai karatu, Allah ya ba ka damina mai albarka, ya cika rumbunka, ya shirya maka zuriya, ya sanya lafiya da kwanciyar rai a gidanka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarsa. Amin.